Shekarar da Injin Rake Ya Kama Sale

Na san abin da ake gaya muku in kun je Taba, garin su Innata, ziyara. Ba a faɗa muku a bainar jama'a, sai wata tsohuwa ta ja ku gefe, ta rage murya, ta ce ai mahaifinku ne sanadin Kawunku Sale, taurin kansa ne ya ci yaron mutane. Da wannan magana kuka girma. Ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku, ni ma ban taɓa ɗaga ta ba. Yanzu duk waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, saura ni kaɗai, ga ƙafa ta ƙi, ga ido ya fara dushewa. To ku saurara, zan faɗa muku iyakar abin da na gani da wanda na ji da kunnena.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Muna zaune a Kudan, a gidan gadon su mahaifinku, bakin hanyar da ke gangarawa fadama. Shi maƙeri ne ɗan maƙeri, amma bai tsaya ga fartanya da lauje irin na kakanninsa ba. Tun yana saurayi ya koyi aikin duro. Sai ya fasa duron mai, ya baje shi, ya yanke, ya lanƙwasa, ya fitar da akwati ko murhu ko ƙyauren ɗaki. Maƙerarsa tana jikin zaure, katanga ɗaya ce tsakaninta da madafina, katangar ma ba ta kai rufi ba. In ina tuƙa tuwo duk abin da ake faɗi a can yana kunnena, har na kai ina gane aikin da yake yi daga ƙarar guduma kawai. Mutum ne mai nauyin baki. Sai ya wuni bai haɗa magana goma ba, in ka ga haƙoransa a waje to Sale ne ya zo.

Sale ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, autan Inna, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu mata. Mahaifinmu ya rasu yana goye, ita ta yi noman da ta ciyar da mu, ita ta yi surfe da daka a gidajen mutane har ya tasa. A shekarar da nake ba ku labari ya zama cikakken namiji, dogo, mai faɗin ƙirji, an ma sa ranar aurensa da wata yarinyar Nasarawan Doya, ana jira a gama rake. Bakinsa ba ya shiru. Tun daga bakin hanya za ka ji shi yana kiran Sarkin Maƙera, sarautar da shi ya naɗa wa mahaifinku ita don tsokana, yana cewa an ba shi 'yar'uwarsa bashi ne, in bai ga nama a miya ba yau zai tafi da abarsa. Wasan miji da ƙanin mata ne, amma nasu ya wuce wasa. Kwano ɗaya suke ci.

A da da doki ake matse rake a ƙasarmu. Doki yana zagaye, ƙarafa suna juyawa a hankali, ruwa yana tsiyaya, a dafa a yi mazarƙwaila. A shekarar ne wani attajiri, Alhaji Mudi, ya kawo inji mai shan man gas ya kafa a fadamar da ke tsakanin Kudan da Taba. Abin da doki zai wuni yana yi, shi kafin hantsi ya gama. Sale ne ya samu aikin zura masa rake, don yana da ƙarfi kuma ba ya tsoronsa. Sai dai injin tsirara ya zo. Ƙarafan da ke haɗiye raken a buɗe suke, haƙoran da ke juya su ma haka. A makon farko ya cafke wa wani dattijo hannun riga, Allah ya sa rigar tsohuwa ce ta yage. Shi ne Alhaji ya aiko a kira mahaifinku, ya ce a yi wa abin sutura.

Ya ƙera akwati na duro wanda ya rufe ƙarafan duka, da baki a gaba. A cikin akwatin kuma ya sa wani faranti mai kauri da ya yanko daga jikin mushen mota, ya fasa masa doguwar kafa iyakar yadda rake zai wuce. Amfaninsa biyu. Yana tare hannun mai zurawa kafin ya kai ga ƙarafan, leɓensa na ƙasa kuma yana kankare tukar da ke manne musu. To wannan farantin, da yadda za a riƙe shi a jikin akwatin, shi ne dukan labarin.

Da farko noti ya sa, irin mai zare da ake murɗa wa kai ta baya. Ya ce sukuru ba zai yi ba, don duro ba shi da kaurin da zai riƙe zarensa, kwana kaɗan zai zuge. Ya je kasuwar Makarfi ya tsinto notuna wajen masu sayar da tarkacen mota, ya huda, ya ɗaure. Amma injin nan girgiza gare shi kamar mai zazzaɓi. Ko ina gida ina jin bugunsa a ƙasa in iska ta juyo. Notunan gajeru ne, kai ɗaya kawai suke ɗauka, girgizar kuma tana warware su a hankali. Kullum Sale sai ya bi su da sufana safe da rana. Rannan ɗaya ya kwance gaba ɗaya ya faɗa ciki, ƙarafan suka tauna shi suka yi giɓi, farantin ya zame ta gefe ɗaya ya daki ƙarfe, ya yi tsalle ya tsaga wa Sale goshi. Aiki ya tsaya. Ga rake an sare an tara, yana bushewa a rana, masu shi suna zirga-zirga, Alhaji yana faɗa.

Da la'asar Sale ya zo maƙera, goshi ɗaure da tsumma. Ina bakin murhu, ba abin da ya wuce ni. Mahaifinku ya ce maganin abin dogayen notuna ne masu ɗaukar kai biyu, na biyu ya danne na farko, girgiza ba ta kwance su. Ya ce babu irinsu a Makarfi, ya duba, sai Zariya, kuma sai ran da mota ta samu. Sale ya ce rake ba zai jira mota ba. Ya ce a sa ribit kawai a huta. Ribit, in ba ku sani ba, gajeriyar ƙusa ce mai kauri, a zura ta a huda, a tokare kanta, a daddaɓe ɗaya bakin da guduma har ya baje. In ta kama ta kama ke nan.

Mahaifinku ya ce, "Abin da aka daɓe ba ya kwantuwa, Sale. Ran da aka so cire shi sai da kurfi."

"Wa zai so cire shi? Ni ke tsaye gabansa tun safe har yamma, Sarkin Maƙera, ba kai ba. Yau goshi ya samu, gobe ido ne. Ka daɓe mini shi yadda ko aljani ba zai motsa shi ba."

Sun jima suna ja. Mahaifinku ya kawo shawarar a daɓe gefe ɗaya a bar ɗaya da noti, Sale ya ce gefen notin ne zai sake zamewa, an koma gidan jiya. Daga ƙarshe na ji an fara zuga wuta. Da ya shigo cin tuwo na ga ransa ba daɗi. Na tambaye shi, ya ce shi dai bai san wanda ya fi ba, tsakanin abin da ke kwancewa ba a so da wanda ba ya kwancewa in ana so. Ya ce amma haɗarin farko ya gan shi da idonsa a goshin yaron, na biyun kuwa zato ne. Washegari ya tafi fadama da kayan aikinsa ya daɓe farantin, ribit takwas, kuma ya daɓe su da kyau, don bai iya aikin wasa ba.

Aka yi makonni injin yana aiki lafiya lau. Sale ya jefar da sufana, yana zuwa yana yi wa mahaifinku kirari. Har an fara zancen ɗinkin biki.

Abin da ya faru ranar ban gani ba, amma na ji shi daga bakin su biyun, kuma bakinsu ɗaya. Da hantsi wani guntun rake ya gitta a kafar farantin ya toshe. Maimakon a kashe inji, Sale ya sa yatsu zai gyara shi, kamar yadda ya saba yi. Raken ya kuɓuce gaba ɗaya, hannun ya bi shi ta kafar, ƙarafan suka kama yatsun suka ja har gwiwar hannu. Aka kashe inji. Mutane suka kama babbar ƙafar da ke juya injin suka juya ta baya don ƙarafan su amayo hannun. Sun amayo shi, amma bai dawo ta inda ya shiga ba. Ya riga ya karye ya lanƙwashe, sai ya cusa ƙarƙashin leɓen farantin ya matse tsakaninsa da ƙarfe. Gaba ba hanya, baya ba hanya. Sai an cire farantin. Da noti ne, aikin ɗan lokaci kaɗan ne da sufana.

Wani ya zo a kan keke yana haki. Na ji abin da ya faɗa ta saman katanga, na ji mahaifinku yana zube kayan aiki yana neman kurfi, ƙarfen da yake sare ƙarfe da shi. Ko takalmi bai sa ba. Ni kuwa ga yayanku na fari a bayana, ga tukunya a wuta, na fito har ƙofar zaure na tsaya, ban san inda zan nufa ba. Matan maƙwabta suka mai da ni ciki.

Ribit ba ya fita sai an sare kansa da kurfi an buge shi ya fice. Kowane bugu kuwa ta cikin farantin yake bi ya sauka a kan karyayyen ƙashi. Maza huɗu suka riƙe Sale. Mahaifinku ya gaya mini a ribit na farko Sale har yana tsokana, yana cewa Sarkin Maƙera ashe da gaske aljani ba zai motsa shi ba. A na biyu ya daina magana. A na uku ya fara kiran Inna. Jini yana bin kwararon da ruwan rake ke bi yana zuba a tukunya. Duron ba shi da kauri, yana lotsawa a ƙarƙashin guduma maimakon ya tsaya a sare, sai an tokare ta ciki, cikin kuwa hannun mutum ne. Wani mahauci da ke wurin ya ce a bar wahalar da yaro, a datse hannun a fitar da shi. Mahaifinku bai ko ɗaga kai ba. Ya ci gaba da bugu, hawaye da gumi sun rufe masa ido, har ya sauke guduma a kan babban yatsansa. Wannan farcen nasa da kuka sani baƙi a murɗe, wanda kuke tambaya kuna yara yana cewa ƙuna ce, daga ranar ne. Tun hantsi ake abu ɗaya, ba a zare hannun ba sai da aka kira azahar.

Aka samu motar ɗaukar mazarƙwaila ta kai shi asibiti a Zariya. Can aka yanke hannun daga saman gwiwa. Da aka sallamo shi ɗakina aka kawo shi, don Kudan ta fi kusa da hanyar mota. Inna ta taso daga Taba ta tare a gefen tabarmarsa. Kun san tsakanin suruki da surukarsa, inda take ba ya shiga, ko a hanya suka haɗu sai ya kauce ya durƙusa. Don haka mahaifinku sai dai ya zo bakin ƙofa ya tsuguna, ya yi sannu da murya ƙasa ƙasa. Sale ne ke amsawa. Inna ba ta taɓa amsawa ba. Labari ya riga ya iso mata tun a hanya cewa an ce wa maƙeri ya sa noti ya ƙi, ya ce shi ya san aikinsa.

Wata rana da safe ta fita kewaye, Sale ya kira ni. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Yaya, ki ce wa Sarkin Maƙera ya daina raɓewa a ƙofa kamar wanda ya yi sata. Ni na ce ya daɓe. Bari in ɗan samu ƙarfi, ni zan gaya wa Inna da bakina, in ke kika faɗa ba za ta ji ba."

Bai samu ƙarfin ba. Kwana biyu bayan nan ya ce wuyansa ya riƙe. Kafin wani wunin haƙoransa sun datse, ko ruwa sai a ɗiga ta gefen baki. In aka yi ƙara kaɗan sai jikinsa ya sandare, bayansa ya bar tabarma. Mahaifinku ya kashe wutar maƙera, ya bi maƙwabta yana roƙo a daina daka kusa da katangarmu. An yi rubutu, an yi turare, an aika neman mota. Idonsa biyu, yana ganinmu, yana jin duk abin da Inna ke faɗi a kan mijina, kuma yana ƙoƙarin magana, sai dai gurnani. Ran Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Ba a share makoki ba magana ta cika gari. Alhaji Mudi bai ce a sa noti ba, bai ce a sa ribit ba, shi dai ya ce inji ya tashi. Amma da ya ji inda maganar ta karkata sai ya yi shiru, daga baya ya sayar da injin ga wasu mutanen Makarfi. Waɗanda suka riƙe Sale kuwa abin da suka gani shi suke faɗi, sun ga maƙeri yana dukan ƙarfe yaro yana kiran uwarsa. Na ce wa mahaifinku ya fito ya faɗi yadda aka yi. Ya ce ba a ɗora wa mamaci kaya. Ya ce ko wa ya roƙa, hannunsa ne ya riƙe gudumar. Ni ban iya haƙurinsa ba. Ran sadakar bakwai na sami Inna ita kaɗai na gaya mata duk abin da na ji ta saman katanga, da abin da Sale ya ce mini. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ashe har kin kai ki yi wa gawar ɗan'uwanki ƙarya saboda namiji."

Bayan arba'in sai ga Kawu Barau, wan Inna, ya zo da jaki. A zaure ya zauna, ya ƙi shan ruwan gidan. Ya ce Inna ta ce in haɗa kayana, ba za ta iya kwana tana sanin 'yarta tana dafa wa wanda ya kashe mata ɗa tuwo ba. Ya ce ba rigima suka zo yi ba, ba alƙali, ba komai, a rabu kawai. Mahaifinku ya shigo ya tsaya daga bakin ɗakina. Ya ce in ina son tafiya ba zai riƙe ni ba, uwa ba a sake ta, kuma ba ta da kowa yanzu sai ni. Ya faɗi haka ya koma maƙera ya zauna gaban matacciyar wuta.

Na daɗe zaune a bakin gado. Na tuna hannun Inna, duk kanta saboda taɓaryar mutane. Na san in na ƙi zuwa ba mai ɗebo mata ruwa, ba mai kai mata itace. Na kuma san in na hau jakin nan, to na sa hannu a kan maganar gari ke nan, kowa zai ce ai ga shi ko matarsa ta gudu. Ni kaɗai ce mai rai da ta ji abin da aka faɗa a maƙerar nan. Na yafa mayafi na fita zaure, na durƙusa gaban Kawu, na ce ya ba Inna haƙuri, ba inda za ni. Bai yi faɗa ba. Ya kwance jakinsa. Bayan kwana kaɗan saƙonta ya iso ta bakin wata mai tallan daddawa, ta ce a gaya mini 'ya'ya biyu ta binne a shekarar nan.

Daga nan aiki ya ɗauke. Manoman da kakanninsu ke kawo fartanya gidan nan suka koma wajen wani maƙerin. In mahaifinku ya shiga masallaci ba mai ce masa komai, sai dai sahu ya ɗan buɗe a gefensa. Kafin ruwan farko muka ɗaure kaya muka koma Ikara, inda aka haifi sauranku. Ya sake kafa maƙera, ya ci gaba da fartanya da lauje da ƙyaure, amma ko an kira shi gyaran inji ba ya zuwa. Duk kaka yana auna dawa ya ba wani mai jaki ya kai Taba, a ce daga wani ɗan'uwa ne na nesa. Ni kuma duk haihuwa ina aika goron suna. Goron yana dawowa. Dawar ba ta taɓa dawowa ba, kuma ban yarda cewa ba ta san inda take fitowa ba.

Shekaru suka tafi haka, har yayanku ya isa aure. Sannan aka aiko cewa Inna tana kwance, in ina son ganinta in yi sauri. Na same ta a ɗakin da aka haife mu, ta zama kamar tsumma, ido ya tafi. Na yi sallama, ta gane muryar, ba ta amsa ba. Na zauna na ɗauki ƙafarta ina matsawa, ba ta janye ba. Mun daɗe a haka. Da matan da ke ɗakin suka fita salla sai ta yi magana, fuskarta tana wajen bango.

"Asabe, da gaske shi ya ce a daɓe?"

Na ce da gaske ne, Inna.

Na ci gaba da matsa mata ƙafa. Can ta ce, "Halinsa ne. Tun yana yaro ba ya jira." Ta lalubo hannuna ta riƙe da ɗan ƙarfin da ya rage mata. "Kada ki gaya wa kowa."

Da asuba ta cika. Bayan an yi bakwai na koma Ikara, na tarar da mahaifinku a maƙera yana wasa lauje. Ya yi mini gaisuwa, ya yi mata addu'a, sannan ya tambaya ko ta ce wani abu. Na gaya masa duka, har da na ƙarshen. Na zaci zai ce to yanzu sai a je a faɗa wa su Kawu. Ya ajiye laujen.

Ya ce, "Ta yi gaskiya. A bar mata ɗanta yadda yake."

Ya ɗauki laujen ya ci gaba da wasawa. Da sunan wanda ya ci Sale ya rayu, da shi kuma kuka kai shi kabari.